Kuɗin Wa Ke Ciyar da Rediyo da Jarida?

Lacca da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

 

Maganar da ta tara jama'a yau magana ce ta kuɗi, ko da yake a fuska ta yi kama da maganar ƴan jarida su kaɗai. Duk ɗan kasuwar da ya biya patanti, ko ya fanshi kayansa daga hannun duwan a Ɗan Isa ko Birnin Ƙonni, da duk ma'aikacin da aka zaftare wa haraji tun albashi bai iso hannunsa ba, da duk maigidan da ya tsaya layi a ofishin NIGELEC ya biya takardar wuta, yana da rabonsa a gidan rediyo da talabijin na ƙasa, ko ya sani ko bai sani ba. Gwamnati ba ta da gona, ba ta da rumfa a kasuwa. Abin da ke cikin baitulmali daga aljihun mutane ya fito. Saboda haka in an ce gwamnati ta ba rediyo kuɗi, ko ta taimaki jaridu, kamata ya yi mai sauraro ya yi tambaya irin ta wanda ya sa hannun jari: ta hannun wa kuɗin suka bi, kuma me aka sayo da su?

Yana da kyau a fara tuna inda abin ya faro. Rediyon Nijar ya soma magana a 1958, shekara 2 kafin ƴancin kai. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari kan taru da dare su saurari shiri, sannan malamin da ke jagorantarsu ya ɗauki ra'ayinsu a faifai a aika Yamai. A 1964 aka fara talabijin ta makaranta, a 1967 doka ta kafa ORTN. Bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, rediyo ya zama Muryar Sahel, jaridar Le Sahel ta maye gurbin Le Temps du Niger, kuma a 1979 Télé Sahel ta fito. Kamfanin dillancin labarai na ANP ya zo a 1987, ma'aikatar ONEP mai buga Le Sahel da Sahel Dimanche ta biyo a 1989, sai kuma a 2022 aka sake wa ORTN suna ta koma RTN. Dukan waɗannan gidaje a gadon bayan baitulmali suka girma. Shekara talatin na farko kuwa ba wanda ya ɗaga murya a kan haka, domin jam'iyya ɗaya ce, bayanta kuma soja, labarai kuma kusan kullum iri ɗaya: shugaban ƙasa ya tafi, shugaban ƙasa ya dawo, shugaban ƙasa ya karɓi baƙo.

Sai iska ta juya. A watan Mayu na 1990 Ibrahim Cheick Diop ya fito da Haske, jarida ta farko mai zaman kanta a wancan zamani, a 1991 Maman Abou ya fito da Le Républicain, wasu suka bi sahu. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991 Babban Taron Ƙasa ya zauna ƙarƙashin jagorancin André Salifou, rediyon gwamnati kuma yana watsa shi kai tsaye. Waɗanda suka manyanta suna tune da yadda kasuwa kan yi tsit, tela ya dakatar da keke, mahauci ya ajiye wuƙa, kowa kunnensa na kan akwati, ana jin manyan jiya suna amsa tambaya kamar kowa. Abin lura a nan shi ne, gidan rediyon bai sake ba. Ma'aikatan nan ne dai, na'urorin nan ne dai, kuɗin ma daga baitulmalin nan suka fito. Abu ɗaya ya sauya: wata 3 da ƴan kwanaki ba wani ofishi da ke iya bugo waya ya ce a kashe makirfo. Wannan taro ne ya haifi Majalisar Ƙoli ta Sadarwa, CSC, da nufin abin da aka ɗanɗana ya dawwama.

Akwai masu cewa, cikin ƴan kasuwa musamman, a yanke wa waɗannan gidaje nono gaba ɗaya. Wanda ya iya ya ci da guminsa, wanda bai iya ba ya rufe. Maganar tana da daɗin ji ga wanda haraji ya isa, amma ba ta jure lissafi. Faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Wane attajiri ne zai kafa eriya a Bilma ko Ngigmi, ya kai mata gazuwal da injiniya, don ya tallata sabulu ga mutanen da ba su cika unguwa ɗaya ta Maraɗi ba? Wane ne zai ɗauki ma'aikata masu karanta labarai da Hausa da Zabarmanci da Fillanci da Tamajak da Barbarci da Tubanci da Gurmanci da Larabci, alhali ya san tallar da zai samu ba ta wuce harshe 2 ko 3 ba? Talla tana bin inda kuɗi suke, kuɗin kuwa suna Yamai da manyan birane ƴan kaɗan. Makiyayin Tasara da manomin Gure su ma ƴan ƙasa ne, su ma suna biyan TVA a kan shayi da sukari, kuma in aka bar maganar ga kasuwa, ba mai yi musu magana da harshensu.

Shi kansa ɗan kasuwa ya fi kowa cin moriyar abin, ko da bai lissafa ba. Yawan ruwan saman da akan karanto gari-gari da damina, shi ke gaya wa mai sayen hatsi ko ya cika sito ko ya dakata. Farashin gero da na wake da na bisashe, da labarin hanya ta yanke, da sanarwar rufe iyaka ko buɗe ta, da ranar rigakafin yara da na dabbobi, da sanarwar rasuwa, da ta yaron da ya ɓata, duk ayyuka ne da ba su kawo riba ga mai watsa su, suna kawo ta ga mai saurare. Aiki irin wannan ɗan'uwan hanya ne da rijiya da asibiti, sai an haɗa kuɗi an yi shi.

To, in an yarda sai da kuɗin jama'a, saura a duba magudanar da suke bi. Gidan rediyo da talabijin na ƙasa ya rayu a kan abu uku: tallafin da akan rubuta masa cikin kasafin kuɗin shekara, da ɗan kuɗin da aka ɗora a kan takardar wuta, wanda shekara da shekaru NIGELEC ke karɓa da sunan ORTN a kan kowane kilowat, da kuma talla da sanarwa. Tallafin kasafi shi ne babba, shi ne kuma mai igiya a wuya. Ma'aikatan da ke wannan zaure ba su bukatar a yi musu bayanin bambancin da ke tsakanin kuɗin da aka rubuta da kuɗin da aka saki. Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990, lokacin da albashi kan taru wata da watanni ba a biya ba, sun san shi a cikinsu. Ma'aikatar kuɗi ba sai ta ce ta hana ba. Ya isa takarda ta kwana a kan tebur, gazuwal ya ƙare, motar ɗaukar rahoto ta tsaya, darakta ya gane da kansa inda ya taka ba daidai ba. Shi daraktan kuwa majalisar ministoci ke naɗa shi, ita ke cire shi, duk ranar da ta zauna.

Kuɗin takardar wuta sun fi kama da gaskiya, domin ba su jiran sa hannun minista kowane wata, amma su ma suna da rauninsu. Kusan mutum 1 cikin 5 ne kawai ke da lantarki a ƙasar nan, wato ƴan birni ke ɗauke wa kowa kaya. Kuma abin da aka ɗaure a kan kilowat yakan ragu duk ranar da wuta ta ɗauke. An ga irin wannan ɗaukewa daga watan Agusta na 2023, sa'ad da Najeriya ta yanke layin wuta saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris na 2024. Sannan mai biyan kuɗin bai taɓa samun takarda a hannunsa da ke cewa ga abin da aka tara bana, ga yadda aka kashe ba, alhali ko adashen mata na unguwa yana da uwar adashe da ake tambaya.

Abin da wannan tsari ke haifarwa ya fito fili a 2005. Damina ta 2004 ba ta yi kyau ba, fara ta bi abin da ya saura, rumbuna suka bushe a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa. A ƙarshen watan Afrilu jaridar gwamnati Sahel Dimanche ta buga rahoto a kan yunwar, ba a jima ba aka ɗauke shugabar editocinta daga kan kujerarta. Daga baya hotunan yaran Maraɗi suka zagaya duniya ta gidajen talabijin na waje, Shugaba Tandja Mamadou kuma yana musun a kira abin da sunan yunwa. Wato jaridar da talaka ke ciyarwa ta faɗi gaskiyar halin da talaka ke ciki, sakamakonta ya zama ladabtarwa. Duk ɗan jaridar gwamnati da ya ga wannan ya ɗauki darasi, ba kuma darasin da ake so ya ɗauka ba. Hasarar ba ta tsaya kan ma'aikaciya ɗaya ba: labarin da ya makara yana jinkirta taimako, jinkirin taimako kuwa a shekarar yunwa da rayuka ake biyansa.

Ba daidai ba ne a ɗora laifin a kan ma'aikatan waɗannan gidaje. Cikinsu akwai ƙwararru da suka fi na ko'ina sanin aiki, da yawa daga waɗanda suka kafa gidaje masu zaman kansu ma can suka koyi sana'ar. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kuma aka tsara abu ta yadda ladan daga hannun mai mulki kaɗai yake fitowa, to, kan mai mulki za a aske. Abin dariya, in da abin dariya ne, shi ne yadda kowace jam'iyya ta yi kukan an hana ta talabijin sa'ad da take adawa, ta kuma manta kukan ran da ta hau. Tun daga zaɓen 1993 an sake masu mulki sau da dama, farar hula da soja, amma jerin labaran dare bai sake tsari ba, sunaye kawai ke sauyawa.

Ɓangare na biyu na maganar shi ne gidaje masu zaman kansu, kuma a nan ne lissafin ɗan kasuwa zai yi amfani. Jaridar mako ana sayar da ita dala 60. A ɗauka ta buga kofi 1000, a ɗauka kuma duk an saye, abin da ba ya faruwa, to, jika 300 ke nan a mako. Cikin wannan za a biya maɗaba'a, a ba yaran da ke yawo da ita rabonsu, a biya haya da wuta da waya, a sa wa babur esansi, kana a ba marubuta abin cefane. Takarda da tawada daga waje ake sayo su, shi ya sa karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa tamma 100, ta faɗa wa jaridu kamar gini ya rufto. Masu iya karatun Faransanci kaɗan ne, kofi ɗaya kuma yakan zaga ofis guda, mutum goma su karanta, ɗaya ya biya. Rediyo mai zaman kansa, wanda ya fara da R et M a 1994, Anfani ta Grémah Boucar ta biyo baya, ya fi jarida samun jama'a, amma mai sauraro ba ya biyan ko tamma.

Gwamnatocin da ba su son murya ta biyu sun gwada hanya mai ƙara. Sojoji sun rufe Anfani a watan Yuli na 1996, lokacin rikicin zaɓen shugaban ƙasa, a watan Maris na 1997 wasu masu kaki suka farfasa kayan aikinta, a watan Afrilu na 1998 aka cinna wa maɗaba'ar Maman Abou wuta. Irin wannan yana jawo surutun duniya, yana kuma ƙara wa wanda aka zalunta farin jini. Hanyar da ba ta da ƙara ta fi tasiri, ita ce ta talla. Babban mai ba da talla a ƙasar nan ita ce gwamnati da kamfanoninta da manyan ayyukan raya ƙasa: kiran masu neman kwangila, sanarwar ɗaukar ma'aikata, gaisuwar salla da ta sabuwar shekara, da kofin da ofisoshi ke yin rajistar saye duk shekara. Shafi ɗaya na irin wannan yakan fi cinikin mako. Ba doka da ta tilasta wa darakta ya ce ga dalilin da ya sa ya ba wannan jarida ya hana waccan. Jaridar da ta yabi minista sai a ga ta yi ƙiba, ko da ba mai karanta ta sai mai ita. Wadda ta tono almundahana sai ta rame har ta koma fita wata-wata. Wannan shi ne tallafin gwamnati na haƙiƙa ga jaridu, ya kuma ninka wanda ake shela da shi, amma ba ya cikin kowane lissafi da aka nuna wa jama'a. Sanarwar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta amince da ita a Banjul a 2002 ta hana gwamnatoci amfani da rabon talla don juya bakin jarida. Nijar tana cikin ƙasashen wannan hukuma.

Tallafin da ake shela da shi kuwa shi ne asusun taimakon jarida. Dokar jarida ta 1999 ta tanade shi, amma sai da aka yi shekaru kafin a ga kuɗin farko sun fito, kuma adadin da aka fi ji a shekarun da aka raba shi ne miliyan 200 na sefa, ta hannun CSC. A ƙaddara gidaje 50 suka raba daidai: kowanne miliyan 4 a shekara, wato jika 333 a wata, abin da bai isa albashin ƴan jarida ƙwarai guda uku ba, balle gidan talabijin mai janareta. Duk da haka asusun yana da abin yabo guda, wanda bai kamata a raina ba: an rubuta sharuɗɗa, an ce sai mai fita a kai a kai, mai ofis sananne, mai takardun haraji da na ma'aikata, kuma majalisar da ke rabon a wancan lokaci mafi yawan membobinta ƙungiyoyi ne suka zaɓo su. Daga baya aka mai da taimakon ya zama kayan aiki da horo maimakon tsabar kuɗi, saboda zargin wasu masu gidajen suna sa kuɗin aljihu, ma'aikatansu ba su gani ba. Zargin ba a banza ya taso ba. Amma kyamara sabuwa ba ta biyan bashin maɗaba'a, kuma wani lokaci rabon shekara yakan makara har ya haɗu da na wata shekarar.

Abin da hannun dama ya bayar, hagu yakan karɓe. A 2018 ma'aikatar haraji ta garƙame ƙofofin wasu gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu a Yamai saboda bashin haraji. Ba wanda ke wannan zaure zai ce a yafe wa ɗan jarida abin da ba a yafe wa mai shago ba. Gidan jarida kamfani ne, ya biya. Sai dai bashin da aka bari ya taru shekara da shekaru, ba a tambaya sai ranar da aka ga dama, ya tashi daga haraji ya zama sanda a bayan ƙofa. Talaucin gidajen kuma shi ya haifi al'adar nan ta ambulan da akan miƙa wa ɗan rahoto bayan taro da sunan kuɗin esansi. Sanin kowa ne maroƙi ba ya zagin wanda ya yi masa kyauta, amma maroƙi ya fito a maroƙinsa, kowa ya san sana'arsa; haɗarin shi ne a yi roƙo a kira shi labari.

Wasu sun ce a jingina da ƙasashen waje. Gaskiya ne taimakonsu ya yi aiki: rediyon karkara na farko da aka kafa a Bankilare a 1999 da hannun hukumomin duniya ya tashi, ire-irensa kuma sun haura 100 a faɗin ƙasa. Amma mai aiki na shekara 3 in ya naɗe tabarmarsa, batir ya mutu, sai gidan ya yi shiru. Ko manyan gidajen da ake saurare safe da yamma da kuɗin harajin ƙasashensu suke tafiya, kuma abin da ya same su ya isa ishara. A watan Maris na 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin rage hukumar da ke riƙe da Muryar Amurka, sashen Hausa, wanda ke magana tun 1979, ya yi tsit cikin kwana ɗaya. A watan Yuli na shekarar majalisar Amurka ta janye kimanin dala biliyan 1 da miliyan 100 na Amurka da aka riga aka ware wa hukumar da ke tallafa wa rediyo da talabijin na jama'a a cikin ƙasar, hukumar da aka kafa a 1967, sa'ar ORTN ke nan. Ƙananan tashoshin karkara ne abin ya fi taɓawa. Ashe ko a ƙasa mai arziki, kuɗin da ke jiran ƙuri'ar ƴan siyasa kowace shekara rana ɗaya ake datse su.

Akwai ƙasashen da suka nemi wata dabara. A Ingila gidan da ke kallon talabijin shi ke biyan lasisin da ke ciyar da BBC, fam 174 da rabi a 2025. Faransa ta soke nata irin kuɗin a 2022, ta koma yanko wa gidajenta wani kaso daga TVA. Tsarin Jamus ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Can kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata tun 2021, kimanin jika 12, adadin da ba wanda zai ce a kwaikwaya a nan. Abin kwaikwayo shi ne hanyar: gidajen ke faɗin bukatarsu, wani kwamitin masana lissafi da ba ya ƙarƙashin gwamnati ya tantance ya rage abin da ya ga ya yi yawa, sannan jihohi su amince. Da wata jiha ta ƙi amincewa da ƙarin da kwamitin ya yanke, kotun tsarin mulki ta ce mata a 2021 ba ta da wannan iko. An raba mai tara kuɗi da mai ƙayyade su da mai cin moriyar labari, don kada su zama mutum ɗaya.

Wanda zai ce wannan sai Turawa, to, ya dubi Gana. Tsarin mulkinta na 1992 ya ba Hukumar Kafofin Labarai ta Ƙasa ikon naɗa shugabannin majalisun da ke gudanar da gidajen gwamnati, tare da shawartar shugaban ƙasa, ba shi kaɗai ba. A 1993 kuma, da gidan GBC ya ba jam'iyya mai mulki fili ta kare kasafin kuɗi ya hana jam'iyyar adawa ta NPP, kotun ƙoli ta yanke cewa dole a ba ta irin filin. Gidan GBC bai rabu da ƙarancin kuɗi ba har yau, amma an kafa hujja gaban alƙali cewa gidan na ƴan ƙasa ne duka.

Nijar ma ta taɓa matsawa gaba. Dokar 4 ga Yuni 2010 ta cire ɗauri daga laifuffukan jarida, a ranar 30 ga Nuwamba 2011 Shugaba Issoufou Mahamadou ya sa hannu a kan sanarwar Dutsen Tebur, ranar ta zama ta ƴancin jarida a ƙasa. Amma maganar kuɗi da ta naɗin darakta an bar su yadda aka gaje su. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da tsarin mulki tare da hukumomin da ya kafa, an rufe RFI da France 24 a watan Agusta, an dakatar da Gidan Ƴan Jarida a Janairu na 2024, a watan Yuni na shekarar aka maido da ɗauri cikin dokar laifuffukan intanet, a Disamba aka dakatar da BBC wata 3. Duk lokacin da muryoyin waje da na masu zaman kansu suka ragu, nauyin da ke kan gidan gwamnati ƙaruwa yake, domin shi ne ya rage wa mutumin ƙauye. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In ana son wannan ya wuce takarda, sai an ga kuɗin fassara da na shirye-shirye da na jaridar Hausa a cikin kasafi, layi-layi.

Gyaran da ake bukata ba ya neman sabon haraji. Yana neman doka ta yanka wa gidan rediyo da talabijin na ƙasa kasonsa na shekara 3 ko 5 gaba ɗaya, a zuba shi cikin asusunsa a kan lokaci, ba tare da darakta ya je ya durƙusa a ma'aikatar kuɗi ba. Kujerar darakta a yi shelarta, masu so su nema, majalisar gudanarwa da ta ƙunshi wakilan ƙungiyoyin ƙwadago da na ƴan kasuwa da na manoma da makiyaya da na mata da malamai ta zaɓa, a ba shi wa'adi, kada a cire shi sai da laifin da aka rubuta. A madadin haka gidan ya buga lissafinsa duk shekara a Le Sahel, a kuma karanta shi da harsunan ƙasa, har da abin da NIGELEC ta tara da ranar da ta miƙa. Ƴanci ba tare da lissafi ba wata ƙofar ɓarna ce, kuma mai biyan haraji ba zai yarda a musanya masa ubangida da ɓarawo ba.

Ta fuskar masu zaman kansu, abin da ya fi gaggawa shi ne tallar gwamnati ta fito daga duhu. Kowace ma'aikata da kowane kamfanin gwamnati su bayyana nawa suka kashe a talla, wa suka ba, a kan wane ma'auni, kamar yadda doka ta nema a sauran kwangiloli. Sauƙin duwan a kan takarda da tawada da kayan watsa shiri ya fi ambulan amfani, domin yana samun mai yabo da mai suka daidai wa daida, ba kuma wanda zai je godiya gidan kowa. Asusun taimako kuma a ɗaure shi da takardar albashi: gidan da bai nuna yana biyan ma'aikatansa da kuɗin asusun jin daɗinsu na CNSS ba, kada ya ga tamma.

Saura rabon waɗanda ke zaune a nan. Majalisar ƴan kasuwa tana da bakin da ake ji sa'ad da ake shirya dokar kasafi. An ga ƙarfin ƴan kasuwa a watan Maris na 2005, lokacin da kasuwanni suka rufe saboda TVA ta kashi 19 cikin 100 da aka ɗora wa kayan masarufi, har gwamnati ta sassauta. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma suna zama da gwamnati kan teburi ɗaya. Cikin takardun bukatun da suke miƙawa ba a cika ganin layi ɗaya a kan kuɗin rediyo da talabijin ba, alhali membobinsu ne ke biya. Alhajin da ke da kanti a babbar kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram yana iya kai tallarsa gidan da ya ga yana faɗin gaskiya, ko da an raɗa masa cewa manya ba su son gidan. Shugaban ofis kuma yana iya sa a sayi kofi 5 na jaridar mako maimakon ɗaya da ke yawo tebur-tebur, dala 300 ke nan, bai kai kuɗin shayin ofis na kwana biyu ba.